Tsuntsun Gefen Idona

Na san abin da ake faɗa a gidan nan game da tafiyata Masar. Wai Hajiya ta je har gaban likita a cire mata jarfa, ta ga na'ura, ta tsorata, ta gudu. Na ji jikokina suna ba juna labarin a tsakar gida, har da ƙarin gishirin cewa na bar takalmi ɗaya a asibiti. Ban taɓa musa muku ba, domin naku ya fi nawa daɗin ji a bakin kwanon tuwo. Amma yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara komawa gidan jiya, gara in faɗa da bakina tun ina iyawa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Macen da ta haifi bakwai a ɗakinta ba ɗan hasken wata na'ura ne zai kore ta ba. Kuma takalmana biyu na fito da su.

Kun dai san shi, tunda kowannenku ya tsokale shi da yatsa yana goye. Yana gefen idona na hagu, tsakanin wutsiyar gira da kunne, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Ɗan tsuntsu ne shuɗi, bakinsa na kallon gaba, fiffikensa a ɗage. Da ni baƙa ce da ya ɓuya, to sai Allah ya yi ni fara, ya fito raɗau. A Haɗejar ƙuruciyarmu kusan kowace fuska da zanenta, masu bille, masu kalangu, masu 'yar baka, kowa ya gan ka ya san gidanku. Amma duk faɗin garin ba mai tsuntsu a fuska sai ni da Inna. Yara kan bi ni rijiya suna kaɗa hannuwa suna cewa in tashi fir. Da na girma na zama malamar firamare, ɗalibaina suka sa mini Malama Tsanwaka, sunan wannan shuɗin tsuntsun na bakin fadama, suna zaton ba na ji. Shekara hamsin na yi ina karkato ɗankwali ta hagu, har wasu matan suka ɗauka sabon ɗauri ne suka kwaikwaya.

Inna a hanyar Makka aka haife ta. Iyayenta da ƙafa suka tafi, irin tafiyar mutanen da, a yi noma a nan, a yi dako a can, sai da ta kai shekara goma suka dawo da ita gida. Ba ta ba da labarin hanya, in an tambaye ta sai ta ce rana ce da ƙishirwa. Nata tsuntsun yana gefen dama, shi ma guda ɗaya. 'Ya'ya huɗu ta binne kafin ni, ba wanda ya kai yaye, shi ya sa aka sa mini Ayashe, sunan da ake ba 'yar wabi. Gwaggona ce ta gaya mini cewa ba wanzami ne ya yi mini jarfar ba. Inna ce da hannunta, ina wata bakwai, ranar da Baba ya tafi cin kasuwa, ta ɗaure allura uku da zare, ta kwaɓa baƙin fitila da ruwan nononta. Baba ya dawo ya yi faɗa har maƙwabta suka shigo.

Tana da wata al'ada. In kaina na ciwo, ko na yi mugun mafarki, sai ta zaunar da ni ta damanta, ta jingina kanta da nawa, tana maimaita wata kalma a hankali, asfura, asfura. Na ɗauka addu'a ce irin ta mutanen gabas. Ina da shekara goma sha huɗu, ranar da 'yan mata suka yi mini waƙa a dandali, na shigo gida a fusace na same ta tana kaɗi.

"Inna, me na yi miki kika ɓata mini fuska?"

"Ba ki yi komai ba. Zo ki zauna nan."

Ta dafa tabarma ta damanta. Na ce ba zan zauna ba, na shige ɗaki. Daga ranar ban sake zama a wannan gefen ba, ita kuma ba ta sake kira ba. Ta rasu shekarar da na haifi na biyu. Ku riƙe wannan, domin shi ne ƙashin bayan labarin.

Bashir, ɗana na uku, shi ne ya kai ni Alƙahira a shekarar dubu biyu da goma sha huɗu, lokacin yana rubuta kundin digirinsa na biyu a fannin fiƙihu. Yanar ido ce ta rufe mini idon dama, na hagun ma ya fara hazo. Suna zaune da matarsa Rukayya a Hayyus Sabi'i, unguwar ɗalibai, hawa na shida. Ni da ban taɓa kwana a saman bene ba, sai ga ni ina shanya a inda shirwa ke wucewa ta ƙasana. Bayan an yi mini aikin ido aka cire auduga, na tsaya a baranda da magariba. Gidaje ne iya ganinka, kamar an zuba tsakuwa a faranti, hasumiyoyi sun tsaya a tsakaninsu ba iyaka, sai kuma duk suka ɗauki kiran salla lokaci guda, wannan na kama bakin wancan. Na riƙe ƙarfen barandar da hannu biyu. Ban san duniya na da yawa haka ba, kuma ban san na daɗe ba na ganinta ba.

A wannan makon Bashir ya kawo maganar. Ya zo ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya yi ta juya hularsa.

"Hajiya, tunda Allah ya kawo ki, akwai likitan fata a Giza da ke goge jarfa da hasken leza. Zama uku ko huɗu, khalas, shi ke nan, kamar ba a taɓa yi ba."

"Shehi, fatawa ce ko shawara?"

"Duka biyun. Ke ba ki da laifi, kina jaririya aka yi miki. Amma an hana jarfa, kuma tunda an sami hanyar cirewa ba tare da cuta ba, cirewar ta fi."

Zan yi masa adalci a nan, domin wasunku na cewa shi ya matsa mini. Bai matsa ba. Kafin ya rufe baki na ce a sa rana. Abin da na yi shekara hamsin ina roƙo ne ya zo har ɗaki, ga shi kuma da lada a kai. Aka sa Talata. Da sabon idona na dubi tsuntsun a madubi, na gan shi tas, har da 'yar ƙafarsa da na manta yana da ita. Na ce masa zamanka ya ƙare, baƙon da ba a gayyata ba.

Ranar Litinin da azahar muka dawo daga duba ido, ni da su biyun, muka tarar an ɗauke wuta. Shekarar nan Masar ma ta koyi halinmu, na baro rashin wuta a gida na zo na same shi yana jirana. Lif ya tsaya, hawa shida kuwa gwiwata ta ce ba da ita ba. Mai gadin gidan, wanda suke kira bawab, sunansa Sabir, mutumin kudancin ƙasar ne, yankin da suke ce wa Sa'id. Ya ce in shiga ɗakinsu na ƙarƙashin matakala in huta wajen mahaifiyarsa, wadda ta zo daga ƙauye. Bashir ya tsaya waje suna hira, ni da Rukayya muka shiga. Tsohuwa ce ƙwarai, ta girme ni da shekara ashirin ko fiye, baƙaƙen kaya har ƙasa, da layi uku na jarfa a haɓarta. Ummu Sabir ake kiranta. Tana zaune tana yanka ganyen lalo a faranti, wanda su suke ce wa mulukiya. Zafi ya ishe ni, ga mu mata zalla, sai na zame hijabi na tura ɗankwali baya ina fifita.

Na ji ƙarar wuƙa ta faɗi a faranti. Kafin in waiga tsohuwar nan ta rarrafo ta kama haɓata da hannunta mai danƙon lalo, ta juya fuskata wajen taga.

"Asfura," in ji ta.

Kusan shekara hamsin rabona da jin kalmar nan, kuma daga baki ɗaya tak na taɓa jin ta. Rukayya ta ce ai sunan ƙaramin tsuntsu ne da Larabcinsu, ban ma saurare ta ba. Tsohuwar ta juya fuskata ɗaya gefen, ta tura gashina, ta duba, ta sake dubawa, tana wata tambaya da ƙarfi. Sannan ta sa hannu biyu ta yaye baƙin mayafinta. Ga su nan, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sun koɗe sun shiga cikin tamoji, amma su ne. Bakin nan, fiffiken nan, har 'yar ƙafar. Na yi tafiyar da jirgi ya yi awa biyar yana yi, na shigo ɗakin da bai fi kicin ɗina ba, na tarar da fuskar Inna a jikin wata mata da ba ta san sunan garinmu ba. Sai na hau salati.

Larabcin Rukayya na cefane ne, bai ɗauki harshen ƙauyen tsohuwar ba, sai ta leƙa ta kira mijinta. Haka Bashir ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, kansa a sunkuye, ya zama tafinta tsakanina da abin da ya yi niyyar gogewa.

"Tana tambaya ina ɗayan yake."

"Ce mata guda ɗaya ne."

Tsohuwar ta kaɗa kai ta yi magana mai tsawo. Bashir ya fassara a gutsure, kamar mai tauna magani. Wai a ƙauyukansu, a zamanin da, akwai matan da ke zuwa ranar kasuwa da allura, suna yi wa yara tsuntsu saboda ciwon kai da ciwon ido, tsuntsun ya ɗauki ciwon ya tashi da shi. Wai shuɗi ake so ya fito, launin sama, don ya san hanyar da zai bi. Yanzu an daina, mutanen birni ma dariya suke yi wa mai shi, suna ce masa baƙauye. Da na ji wannan na ce ashe har a gidansu tsuntsun bai tsira ba. Amma, in ji ta, ba a taɓa yin guda. Biyu ake yi, domin tsuntsu ɗaya ba ya zama, neman ɗan'uwansa yake tafiya, kuma ba ya tafiya hannu rabbana.

"Hajiya, wannan fa camfi ne," in ji Bashir.

"Na sani. Kai dai fassara."

Ta tambayi wanda ya yi mini. Na ce mahaifiyata. Ta tambaya ko ita ma tana da shi. Na ce guda ɗaya, a dama, tun tana yarinya a hanyar Makka. Tsohuwar ta dube ni. Sannan ta tambaya a hankali ko mahaifiyata ta rasa 'ya'ya kafin ni. Na ɗaga mata yatsu huɗu. Sai ta bugi ƙirjinta, hawaye suka bi tamojin fuskarta. Wannan karon sai da na kira sunan Bashir kafin ya fassara.

"Ta ce an fara wa Inna ba a gama ba. Wataƙila ayarinsu ya tashi, wataƙila mahaifinta ya zo ya janye ta daga hannun mai allura. Ta girma da tsuntsu guda, ta ga 'ya'yanta suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauka nata ne ke kwashe su. Da ta same ki sai ta cike biyun a jikinki." Ya ɗago ya dubi gefen idona. "Don kada ɗayanku ya tashi ya bar ɗaya."

Ban ce Ummu Sabir ta san gaibu ba. Ba ta taɓa ganin Inna ba, lissafi ta yi irin na uwa. Amma abin da ta yi bayan nan ba wanda ya gaya mata. Ta matso ta zauna ta haguna, ta sa ni a damanta, ta jawo kaina ta jingina da nata, tsuntsunta na dama a kan nawa na hagu. Ta faɗi wata gajeriyar magana.

"Ta ce ba haka take yi miki ba?"

Ina da shekara sittin da biyu a lokacin, da jikoki goma sha ɗaya. Na yi kuka a ɗakin mai gadi kamar wadda aka yaye ranar. Ashe duk lokacin da Inna ta dafa tabarma, haɗa su take yi. Ashe ranar da na ce ba zan zauna ba, ba tsiwar 'yan mata kaɗai ta ji ba. Ta zauna shekara goma sha biyu da wannan gefen a buɗe, ba ta taɓa gaya mini abin da na hana ta ba. Wuta ta dawo, muka ji lif ya yi ƙugi, ba wanda ya motsa.

Duk da haka ranar Talata na shirya na bi Bashir, domin na riga na ce to, kuma ban saba mayar da magana ba. Tasi ta haye da mu kogin Nilu, faɗinsa ya ninka kogin garinmu ban san sau nawa ba, ina kallon ruwan ina tunanin wata yarinya 'yar Hausa da ta taɓa zama a bakinsa can kudu, da jini a gefen ido, ana jan hannunta. Likitan mutum ne mai fara'a. Ya kwantar da ni, ya nuna mini na'urar, ya ce ba zafi sosai. Na ce Bashir ya tambaye shi ina tsuntsun zai tafi. Ya yi dariya ya ce hasken zai farfasa shi ƙanana, jini ya kwashe, jiki ya zubar. Na tashi zaune, na gyara hijabina, na ce a yi masa godiya. Gudun da kuke ji ke nan.

A bakin titi Bashir ya sha gabana, motoci na ta hon.

"Hajiya, kin fi ni sanin tsuntsu ba ya tsare rai."

"Allah ne ya raya ni, Shehi, ba sai ka buɗe littafi ba. Huɗun da suka tafi ma shi ya karɓi abinsa."

"To mene ne amfaninsa?"

"Inna ba ta yi boko ba, ba ta yi allo mai nisa ba. Wannan ne kaɗai rubutun da ta iya, kuma ni ta rubuta wa. Shekara sittin ban karanta ba. Jiya aka karanta mini, da bakinka, yau kuma in goge?"

"Ni dai na faɗi abin da na sani."

"Ka faɗa, ka fita. Saura tsakanina da Ubangijina."

Abin bai zo da sauƙi ba, kada wani ya ce muku ya zo. Bashir ya ji ciwo. A ganinsa uwarsa ta ajiye karatun shekara tara ta ɗauki maganar tsohuwar da ba ta san alif ba, kuma ya riga ya gaya wa abokansa cewa za a yi. Wata biyu na ƙara a gidan ana yi mini ɗaya idon, ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana da sannu da gida. Rukayya ce ke kai da kawowa tsakaninmu da faranti. Ni kuwa kullum da hantsi sai in sauka wajen Ummu Sabir, mu zauna muna tsinke lalo, ba mai jin yaren wani, har ranar da ta koma ƙauye na ba ta zanena na saƙi. A filin jirgi Bashir ya yi mini addu'a yana kallon ƙasa. Shekara biyu wayarmu ba ta wuce minti uku. Na yi kewar ɗana ƙwarai, kuma na san ni na saya da hannuna. Na tambayi malamai bayan na dawo, wani ya ce abin da aka yi wa jariri ba a binsa, wani ya faɗi irin ta Bashir. Har yau bai janye fatawarsa ba, ni ma ban janye tawa ba, kuma ban yarda wani a cikinku ya ga laifinsa ba. Gaskiyar da ya sani ya faɗa wa uwarsa, ba kowane ɗa ne zai iya ba. In kuskure na yi, Allah ya yafe mana, ni da Inna.

Tun daga shekarar na daina karkato ɗankwali. Wani lokaci nakan tuna cewa da aka sa Inna a kabari ta dama aka kwantar da ita, nata tsuntsun ya fuskanci ƙasa, ni kuma ranar da tawa ta zo nawa sama zai kalla. Mai yi mini wanka kada ta dirje wurin, ba datti ba ne.

Da ƙaramar sallar bana kaina ya yi ciwo, na kasa fita tsakar gida. Bashir ya shigo gaishe ni, yanzu da furfura a gemunsa da ɗalibai a bayansa. Ga kujera, ga darduma, ga bakin gado ta dama duk ba kowa. Ya zagayo ya zauna ta haguna, wai nan fanka ta fi kaɗawa. An ɗauke wuta tun safe. Na matsa kaɗan har kafaɗarsa ta taɓa tawa, muka zauna a haka har aka kira la'asar.